Ina ƙarfin murya yake sauka a kalmar Sifaniyanci, kuma yaya ake yanka gaɓoɓinta?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara koyon Sifaniyanci, kuma abu biyu ne suka tsaya maka a rai. Na farko, ka ga an rubuta hablo a wani wuri, an rubuta habló a wani, malaminka ya ce ba ɗaya ba ne, amma kunnenka bai kama bambancin ba. Na biyu, ka kasa gane dalilin da ya sa Almería take da ɗan karan nan a kan i alhali Valencia ba ta da shi, ga shi kuwa duka biyun da ia suka ƙare. Ka tambaya ko akwai ƙa'ida ko sai dai hadda.

Akwai ƙa'ida, kuma tana da tsabta ƙwarai. A cikin harsunan Turai da na sani, babu wanda rubutunsa yake gaya wa mai karatu inda zai danna murya kamar Sifaniyanci. Duk kalmar da aka rubuta daidai, ko ba ka taɓa jin ta ba, za ka iya furta ta da ƙarfin murya a inda ya dace. Sharaɗin ɗaya ne: ka iya ƙirga gaɓoɓinta. Tambayoyinka biyu ashe tambaya ɗaya ce, domin wanda bai iya yanka gaɓa ba, ba zai san gaɓar da zai danna ba.

Bari in fara da abin da kunnenmu ya saba da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar baba tana iya zama mahaifi, ko uwa, ko baban rini, gwargwadon hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa. Kuka na itace daban, kuka na hawaye daban. Kowace gaɓa tana da nata karin, kuma gaɓoɓi biyu ko uku a jere suna iya zama duk a sama. Sifaniyanci ba haka yake ba. A kowace kalma mai ma'ana, gaɓa ɗaya ce tak take fin sauran fitowa: ana ɗan ja ta, ana ɗan ƙara mata ƙarfi, kuma sau da yawa murya tana motsawa sama a kanta. Ita suke kira sílaba tónica. Sauran gaɓoɓin suna biye da ita, amma wasulansu ba sa lalacewa. Wannan ya bambanta da Ingilishi, inda wasalin da ba a danna ba yakan narke ya zama wani sauti marar kama. A Sifaniyanci a tana nan a matsayin a ko an danna ta ko ba a danna ba, kuma wasulan biyar ne kamar namu: a, e, i, o, u. Wannan babbar sa'a ce ga Bahaushe.

To hablo ana danna gaɓar farko, HA-blo (h ɗin ba a furta shi), ma'anarsa ina magana. Habló kuwa ana danna ta ƙarshe, ha-BLO, ma'anarsa ya yi magana ko ta yi magana. Mai aikin ya canza, lokacin ya canza, haruffan kuwa suna nan yadda suke. Akwai ma masu fuska uku: término iyaka ko wa'adi, termino ina gamawa, terminó ya gama. Haka público, publico, publicó. Papa dankali ne a ƙasashen Amurka ta Kudu, papá kuwa mahaifi. Sábana zanen gado, sabana filin daji mai ciyawa. Ka ga ke nan ɗan karan nan, wanda suke kira tilde, yana ɗauke da irin nauyin da karin sauti yake ɗauka a Hausa, sai dai mu ba ma rubuta namu, su suna rubuta nasu. Kada ka haɗa shi da lanƙwasar da ke kan ñ a España. Ñ harafi ne mai zaman kansa, sautinsa kamar ny, ba ruwansa da ƙarfin murya.

Yanzu yankan gaɓa. Mafi sauƙinsa daidai yake da namu. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin da ke biye da shi: ca-sa, a-mi-go, Ge-ta-fe, Ma-la-bo. Baƙaƙe biyu a tsakiya, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: car-ta, al-to, can-tar, kamar yadda muke cewa sar-ki ko gan-ga. Har nan babu abin da zai ba ka wuya.

Inda gizo yake saƙar shi ne baƙaƙen da ba sa rabuwa. Idan p, b, c, g, f suka zo kafin l ko r, ko kuma t da d suka zo kafin r, to tare suke tafiya su buɗe gaɓa ɗaya: ha-blo, li-bro, o-tro, pa-dre, ne-gro, Á-fri-ca, Ma-drid. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa ba, shi ya sa da muka ari kalmomin Turanci masu irin wannan jeri sai muka cusa wasali a tsakani, muka samu burodi da burki da firamare. Harshenmu yana yin wannan ba tare da ya nemi izininmu ba. Sai ka ji ɗalibi ya ce Madirid ko libiro ko tires a maimakon tres. Wannan shi ne kuskure na farko da nake farauta a bakin duk Bahaushen da na koyar, domin wasalin da ka cusa ya ƙara gaɓa, kuma da zarar gaɓoɓi sun ƙaru lissafin ƙarfin murya ya rushe. Maganinsa shi ne ka furta r ɗin da bugu ɗaya na tsinin harshe, cikin sauri, ka faɗa kan wasalin da ke biye ba tare da tsayawa ba.

Su ma masu Sifaniyanci suna da irin tasu cusawar, kuma sanin ta zai taimake ka. Ba sa yarda s da wani baƙi su buɗe gaɓa. Shi ya sa kalmomin Latin irin su schola da stella da scribere suka zama escuela, estrella, escribir, aka sa musu e a gaba domin s ta sami inda za ta jingina: es-cue-la, es-tre-lla. A tsakiyar kalma ma s kullum baya take komawa: ins-tan-te, obs-tá-cu-lo, cons-truc-ción. Idan baƙaƙe uku ko huɗu suka taru, duba biyun ƙarshe. Idan suna cikin waɗanda ba sa rabuwa, su wuce gaba tare, sauran su tsaya baya: hom-bre, en-trar, abs-trac-to. Idan ba sa ciki, na ƙarshe kaɗai zai wuce.

Jerin tl shi ne wanda ba a haɗu a kansa ba. A yawancin Sifaniya ana raba shi, at-las, At-lé-ti-co. A Meziko, inda harshen Nahuwatil ya bar sunaye irin su Tlaxcala, ana furta shi tare, a-tlas, a-tle-ta, haka ma a wurare da yawa na Amurka ta Kudu. Duka biyun karɓaɓɓu ne. Akwai kuma 'yan kalmomi da ɗafa-goshi ya hana haɗuwar, kamar subrayar, ja layi a ƙarƙashi, da ake furtawa sub-ra-yar.

Sai haruffa biyu masu sauti ɗaya, irin sh da ts namu. Ch, ll da rr ba a raba su ko kaɗan: co-che, ca-lle, pe-rro, Se-vi-lla. A nan ma al'adarmu tana iya ruɗar ka, domin mu idan mun ga baƙi biyu iri ɗaya raba su muke yi, sal-la, bab-ba, kun-ne. A Sifaniyanci ll sauti ɗaya ne, a yau mafi yawan masu harshen suna furta shi kusa da y, rr kuma r ce mai kaɗawa. Amma cc da nn suna rabuwa, ac-ción, in-na-to. A que, qui, gue, gui, u ɗin ba ta da sauti, saboda haka que-so da gue-rra gaɓa bibbiyu ne; idan ana so a furta ta bayan g sai a ɗora mata ɗigo biyu, kamar pin-güi-no.

Yanzu mun iso kan wasula, kuma nan ne amsar Almería da Valencia take. Zan daɗe a nan domin mafi yawan kurakurai daga nan suke fitowa.

Sun kasa wasulansu gida biyu. A, e, o su ne buɗaɗɗu, masu ƙarfi. I da u su ne rufaffu, masu rauni. Idan mai rauni ya zauna kusa da mai ƙarfi, kuma ba shi ake dannawa ba, sai su narke su zama gaɓa ɗaya. Wannan shi ne diptongo, abin da muke kira tagwan wasali. Muna da biyu a Hausa, ai da au, kuma su ne a ai-re da cau-sa. Sifaniyanci ya ƙara da ei, oi, eu, kamar rei-na da Eu-ro-pa. Ya kuma ƙara da waɗanda mai raunin ne a gaba: bue-no, tie-rra, gra-cias, a-gua. Waɗannan ba baƙi ba ne a bakinka idan ka tuna kw da gw da ky namu. Cuatro kamar kwa-tro ne, agua kamar a-gwa, quiero kamar kye-ro. Ka ɗauki i da u a irin wannan wuri kamar y da w. Idan masu rauni biyu suka haɗu, su ma gaɓa ɗaya ake lissafa su: ciu-dad, cui-da-do. Har wasula uku suna iya taruwa a gaɓa ɗaya idan mai ƙarfi yana tsakiya, kamar buey, da ƙarshen U-ru-guay da Pa-ra-guay.

Amma masu ƙarfi biyu ba sa zama a gaɓa ɗaya. Kowa da tasa: po-e-ta, le-er, ca-os, Re-al. Wannan rabuwa ita ce hiato. Sunan Villarreal ya tara darussa uku a wuri ɗaya: Vi-lla-rre-al, gaɓa huɗu. A nan kuskure na biyu na Bahaushe yake fitowa. In ban da ai da au, mu ba mu da wasula biyu a jere ba tare da hamza a tsakaninsu ba: sa'a, jama'a, ma'ana. Sai ɗalibi ya ce po'eta, Re'al. Sifaniyanci ba shi da hamza. Gaɓoɓin biyu ne, amma murya ba ta yankewa, zamewa take yi daga wasali zuwa wasali.

To idan mai raunin ne ake dannawa fa? Sai ya daina zama kamar y ko w, ya tsaya da ƙafarsa, ya zama gaɓa. Kuma dole a sa masa tilde, ko da sauran ƙa'idoji ba su nema ba, domin in ba haka ba mai karatu zai narkar da shi. Va-len-cia gaɓa uku ce, ƙarfin yana kan len, cia kuma gaɓa ɗaya ce. Al-me-rí-a gaɓa huɗu ce, ƙarfin yana kan rí. Wannan ne dalilin alamar a dí-a, rí-o, pa-ís, Ma-rí-a, Gar-cí-a, Ra-úl. Ma'ana ma tana rataye a nan: hacia wajen ko zuwa ga, hacía yana yi a da, sabia mace mai hikima, sabía ya sani a da. Harafin h da ba a furtawa ba ya hana komai, kamar babu shi ake lissafi: prohi-bir gaɓa biyu, amma pro-hí-be da bú-ho suna ɗaukar alama saboda i da u ne ake dannawa.

Idan ka iya wannan, sauran ƙa'idar gajeriya ce. Daga ƙarshen kalma ake ƙirgawa, ba daga farko ba, kuma ƙarfin murya ba ya wuce gaɓoɓi uku na ƙarshe a kalma guda. Wadda aka danna gaɓarta ta ƙarshe ita ce aguda, mai tsini. Wadda aka danna ta kusa da ƙarshe ita ce llana, shimfiɗaɗɗiya, wasu suna ce mata grave, kuma su ne mafi yawa a harshen nesa ba kusa ba. Wadda aka danna ta uku daga ƙarshe ita ce esdrújula, daga kalmar Italiyanci mai nufin santsi, kuma sunan da kansa misali ne: es-DRÚ-ju-la.

Littattafai sukan koyar da ƙa'idar ta fuskar mai rubutu: yaushe zan sa alama. Ni na fi son a fara ta fuskar mai karatu, domin kai yanzu karatu ka fi yi. Ka ga kalma. Idan tana da tilde, danna nan, magana ta ƙare. Idan ba ta da shi, duba harafin ƙarshe. Wasali ne, ko n, ko s? Danna gaɓar kusa da ƙarshe: CA-sa, JO-ven, RA-mos, Bar-ce-LO-na, I-NIES-ta. Wani baƙi ne daban? Danna ta ƙarshe: Ma-DRID, ha-BLAR, pa-PEL, re-LOJ, fe-LIZ. Rashin alamar ma bayani ne. Galibi tilde yana fitowa ne a inda kalma ta saɓa wa wannan zato. Perú, Bogotá, canción, Alavés sun ƙare da wasali ko n ko s amma ƙarshensu ake dannawa, sai aka sa musu. Cádiz, árbol, Pérez, Sánchez, González sun ƙare da wani baƙi amma ba ƙarshensu ake dannawa ba, sai aka sa musu. Málaga, Córdoba, México, teléfono, duk wata esdrújula, kullum da alamarta, tunda babu zaton da zai kai ka can.

Kalmomi uku da suka shigo daga Larabci zamanin Andalus sun isa su riƙe maka ƙa'idar. Alcalde, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali namu: al-CAL-de, ya bi zato, babu alama. Azúcar, sukari: ya ƙare da r amma tsakiya ake dannawa, da alama. Ojalá, wato Allah ya sa: ya ƙare da wasali amma ƙarshe ake dannawa, da alama.

Ɗalibai sukan tambaye ni me ya sa n da s suka bi wasula. Dalilin yana cikin nahawu. Da s ake yin jam'i, da s da n ake juya aikatau: casa, casas, canta, cantas, cantan. Ƙarfin murya bai motsa ba a duk waɗannan. Da a ce n da s suna cikin sauran baƙaƙe, da kowane jam'i da kowane aikatau sai an ɗora masa alama, rubutu ya cika da karare. Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun zaɓi hanyar da za ta fi rage alamomi, kuma a ganina sun yi dabara. Wannan ne kuma ya sa alama take ɓullowa ko ɓacewa a jam'i alhali murya ba ta motsa ba: examen ya zama exámenes, joven ya zama jóvenes, domin ƙarin gaɓa ya mayar da su esdrújula, canción ya zama canciones, inglés ya zama ingleses, domin yanzu sun bi zato. Kalmomin da ƙarfinsu yake ƙaura da gaske a jam'i 'yan kaɗan ne: carácter, caracteres, régimen, regímenes, espécimen, especímenes. Wajen sa alama, y a ƙarshen kalma baƙi ake ɗaukar ta, shi ya sa estoy da Uruguay ba su da alama. Kuma idan s ta biyo wani baƙi a ƙarshe, zaton yana juyawa: robots babu alama, bíceps da alama.

Kuskure na uku na Bahaushe a nan yake. Yawancin sunayenmu da dogon wasali suke ƙarewa, gida, rana, ruwa, kuma bakinmu ya saba jan ƙarshen kalma. A Sifaniyanci tsawon wasali ba ya bambanta ma'ana, amma kunnensu yana jin wasalin da aka ja a matsayin wanda aka danna. Idan ka ja o ɗin hablo, habló za su ji. Wannan nake zaton shi ne ya hana ka jin bambancin da malaminka yake nuna maka: kana furta duka biyun da dogon ƙarshe. Gajarta wasalin ƙarshe a duk kalmar llana, ka sake shi da wuri. Idan kuma ta hanyar Faransanci ka biyo, kamar ɗalibai da yawa a Nijar da Kamaru da Chadi, nauyin ya ninku, domin Faransanci ƙarshen magana yake dannawa, kuma alamominsa na é da è launin wasali suke nunawa. A Sifaniyanci é da e sauti ɗaya ne, bambancinsu ƙarfi kawai.

Wannan tsari gado ne daga Latin. A can, idan gaɓar kusa da ƙarshe mai nauyi ce ita ake dannawa, idan marar nauyi ce sai a koma ta bayanta. Wanda ya yi karatun aruli ya san wannan rabo na gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Sifaniyanci ya riƙe ƙarfin a inda yake, amma ya zubar da wasu wasulan ƙarshe. Amare ya zama amar, veritatem ya zama verdad, gaɓar da take kusa da ƙarshe ta wayi gari ita ce ƙarshe. Daga nan yawancin aguda masu ƙarewa da baƙi suka fito. Abin da ya fi wannan amfani gare ka shi ne abin da ƙarfin murya ya yi wa gajerun e da o na Latin: inda aka danna su sun fashe sun zama ie da ue, inda ba a danna ba sun zauna yadda suke. Shi ya sa ake cewa puedo amma podemos, pienso amma pensamos, puerta amma portero, Venezuela amma venezolano. Aikatau ɗin da littafinka ya jera a matsayin masu saɓa ƙa'ida, da yawansu ƙa'idar ƙarfin murya suke bi. Duba inda ake dannawa, za ka san inda wasalin zai fashe.

Kalma mai gaɓa ɗaya ba ta buƙatar alama, tunda babu zaɓi: sol, pan, fue, dio. Sai dai akwai 'yan tagwaye da ake bambantawa da ita, ɗaya ana danna shi a magana, ɗaya yana jingina da maƙwabcinsa: tú kai, tu naka, él shi, el harafin sanayya, sí e, si idan, té shayi, te wakilin suna, más ƙari, sé na sani, dé ya bayar, mí ni. Ti ba ta da abokiyar tagwaitaka, saboda haka ba a sa mata, kodayake 'yan ƙasar da kansu suna yawan kuskure a nan. Kalmomin tambaya ma suna ɗauka: qué, quién, cómo, dónde, cuándo.

Idan aka liƙa wakilan suna a bayan aikatau, ƙarfin yana zama inda yake, sai a sake lissafi: da, dame, dámelo. A nan ne kaɗai yake iya wuce gaɓa ta uku, kamar cómpramelo, saya mini shi, kuma suna kiran irin wannan sobresdrújula. Bayanau masu ƙarewa da mente su ne kaɗai masu ƙarfi biyu, ɗaya a kan sifar, ɗaya a kan men, kuma suna riƙe alamar sifar idan tana da ita: fácilmente da alama, felizmente babu.

Ƙa'idojin nan suna hannun Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta fitar da littafin ƙa'idar rubutunta na farko a 1741. A yau tana aiki tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, har da ta Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Kamaru, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce ta 2010. Ka san wannan shekara domin za ka ci karo da tsofaffin littattafai. A da ana rubuta guión da truhán, yanzu guion da truhan, domin an yanke cewa a rubuce gaɓa ɗaya ake lissafa su, ko da yake mutane da yawa a Sifaniya gaɓa biyu suke furtawa, a Meziko kuma ɗaya. Sólo mai nufin kawai da éste ma an sauke musu alamar. An yi ta jayayya a kai, har a 2023 hukumar ta sake bayyana cewa marubuci yana iya sawa idan yana ganin za a sami ruɗani. Ni ina goyon bayan saukewar, domin solo llana ce mai ƙarewa da wasali kuma ko da wace ma'ana aka faɗe ta furucinta ɗaya ne. Manyan haruffa suna ɗaukar alama kamar ƙanana, África, Ángel. Wasu kalmomin kuma ƙasa ce take raba su: vídeo a Sifaniya, video a Amurka ta Kudu, fútbol a yawancin wurare, futbol mai ƙarfi a ƙarshe a Meziko. A Ajantina za ka ji hablás da tenés a maimakon hablas da tienes, kuma ka lura yadda ie ya koma e da zarar ƙarfin ya bar shi. Idan kana gwaji da sunayen 'yan ƙwallo, ka yi hattara da na yankin Kataloniya da na Baskawa, harsunansu daban ne da nasu ƙa'idojin.

Saura abu ɗaya da littafi ba ya nunawa sosai, kuma shi ne yake sa sabon ɗalibi ya ce suna magana da sauri. A cikin zance, yankan gaɓa ba ya mutunta iyakar kalma. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya kama wasalin farkon ta gaba: los ojos ana furta shi lo-so-jos, el agua ya zama e-la-gua, un amigo ya zama u-na-mi-go. Wasula biyu da suka haɗu a bakin iyaka sukan narke su zama gaɓa ɗaya, mi amigo ya zama mia-mi-go, abin da suke kira sinalefa, kuma mawaƙansu da shi suke ƙirga gaɓoɓin baiti. Mu kuwa kowace kalma da ta fara da wasali a rubuce da hamza take farawa a baki, saboda haka mukan datse tsakanin kalmomi inda su suke haɗawa. Ƙananan kalmomi irin su el, la, de, en, que, me, se ba su da ƙarfin kansu, suna rataye ne a jikin babbar kalmar da ke kusa, ta yadda en la casa take fita kamar kalma ɗaya mai ƙarfi a kan ca.

Ga yadda nake sa ɗalibai su yi. Ɗauki sakin layi ɗaya daga jarida, ka yanka kowace kalma da fensir, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da za a danna, kana faɗin dalili da baki: wannan ta ƙare da n, babu alama, ta kusa da ƙarshe. Sannan ka karanta da ƙarfi kana buga tebur da yatsa a kan kowace gaɓa mai layi. Ka naɗi muryarka a waya kana cewa hablo, habló, canto, cantó, esta, está, ka bari sai gobe ka saurara ba tare da duba takarda ba, ka rubuta abin da ka ji. Duk inda ka rubuta habló alhali hablo ka yi niyya, wasalin ƙarshe ne ka ja, sai ka koma ka gajarta shi.